Tambaya da Amsa: Fim ɗin Shaihu Umar, yadda aka yi shi da yadda ya ɓace

Tun da muka ambaci fim ɗin Shaihu Umar, wanda aka ɗauko daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa mai wannan suna, a gurguje a fitowar da ta gabata wasiƙu suka yi ta shigo mana, kuma yawancinsu abu ɗaya suke nema, wato ƙarin bayani a kan wannan aiki da mutane da dama suka ji sunansa amma ba su taɓa sa shi a ido ba. Mun zaɓi biyar daga cikinsu, mun taƙaita wasu domin ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin Hausa ne a wata makarantar sakandare, kuma na yi shekaru ina karantar da littafin Shaihu Umar. Shin da gaske ne an taɓa mayar da shi fim? Wa ya yi, kuma yaushe? Sannan ina ganin saɓani a kan shekarar da littafin ya fito, wasu su ce 1934, wasu su ce 1955. Daga wani malami a Azare.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya saka da alheri a kan wannan hidima da kake yi wa harshe. Gaskiya ne an yi fim ɗin, kuma marigayi Alhaji Adamu Halilu ne ya ba da umarninsa a shekarar 1976, da harshen Hausa, a kan zaren fim mai faɗin milimita 35, irin wanda ake haskawa a manyan gidajen sinima. Tsawonsa minti 142 ne, wato awa biyu da minti ashirin da biyu. Gwamnatin Tarayya ce ta ɗauki nauyinsa ta hannun sashenta na shirya fina-finai, domin Najeriya ta samu abin da za ta nuna a bikin baje kolin fasaha da al'adun baƙar fata na duniya karo na biyu, wanda aka fi sani da FESTAC, da aka yi a Legas daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu na 1977.

Adamu Halilu ba baƙo ba ne a wannan sana'a lokacin da aka ɗora masa aikin. Ya koyi aikin fim a Landan, ya kuma yi shekaru yana shirya fina-finan wayar da kai na gwamnatin Jihar Arewa, irin waɗanda motar majigi take yawo da su ƙauye-ƙauye ana haska wa jama'a a ƙofar fada bayan sallar isha. Haka kuma labarin bai tsallako daga littafi zuwa kyamara kai tsaye ba. Kafin fim ɗin, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay, mutumin Trinidad wanda ya yi aikin wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello, sun riga sun mayar da littafin wasan dandamali, aka buga shi a 1975, kuma shi Umaru Ladan ɗin ne ya fito a matsayin Shaihu Umar a cikin fim.

Game da shekara, duka biyun suna da tushe. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta labarin ne domin gasar ƙagaggun labarai da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya a 1933 a ƙarƙashin Rupert East, gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. A lokacin yana saurayi ɗan kimanin shekara 21, bai daɗe da kammala Kwalejin Katsina ya koma Bauchi yana koyarwa a makarantar Midil ba. An fara buga littafin a 1934, aka sake buga shi a 1955, kuma wannan bugu na biyu ne ya fi yaɗuwa, shi ya sa wasu suke ɗaukarsa na farko. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Turanci a 1967, shekara guda bayan an kashe marubucin yana Firayim Minista a juyin mulkin Janairun 1966. Ka iya gaya wa ɗalibanka 1934 ba tare da wata shakka ba.

Tambaya: Ni ɗaliba ce mai nazarin adabi. Kullum muna jin ana cewa fim ba ya taɓa kamo littafin da aka ɗauko shi daga ciki. Shin haka abin yake a nan? Me fim zai iya ƙara wa labarin da kowa ya riga ya sani? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Malama, wannan ita ce tambayar da ta fi daɗe a hannuna kafin in amsa, domin ta taɓo abin da na fi damuwa da shi a cikin al'amarin duka. Bari mu fara tuna wa masu karatu labarin. Shaihu Umar babban malami ne a Rauta, kusa da Bauchi, wanda wata rana almajiransa suka tambaye shi asalinsa, sai ya shiga ba su tarihin rayuwarsa. An haife shi a Kagara, mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa ta auri Makau, wani bafaden sarki da 'yan'uwansa fadawa suka ƙulla wa sharri saboda hassada har aka kore shi daga gari. A cikin wannan ruɗani aka sace yaron, kura ta kashe wanda ya sace shi, ya yi ta faɗawa daga wannan hannu zuwa wancan har ya iso Kano a matsayin bawa. Can wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ɗauke shi ya mai da shi ɗa, ya ƙetare hamada da shi zuwa ƙasar Masar, ya sa shi karatu har ya zama malami. Ita kuwa mahaifiyar ta bazama nemansa, aka yaudare ta aka sayar da ita, ita ma aka ƙetara da ita. Sun sadu a ƙarshe, amma bayan wahala ta riga ta cinye ta, ba ta kuwa daɗe ba ta cika. A hanyar komowa guguwar rairayi ta binne ayarin, shi ya tsira.

Fim ɗin ya riƙe wannan tsari na malami da almajiransa, da shi ya buɗe, kuma daga bakin Shaihun ne labarin yake fitowa. Amma a nan ne bambancin hanyoyin biyu yake bayyana. A cikin littafi murya ɗaya ce tak muke ji daga farko har ƙarshe, muryar dattijon da ya riga ya ga ƙarshen al'amari, wanda ya sallama wa ƙaddara, yake faɗin mafi munin abu da natsuwar mai karanta wasiƙa. Idan ya ce an kai hari wani ƙauye an kamo bayi, jimla ɗaya ce, mai karatu ya wuce ta kafin ya ankara. Kyamara ba ta da wannan damar. Dole mai ba da umarni ya nemo mutane ya tsayar da su, ya yanke shawarar yadda za a ɗaure su, da wanda zai yi kuka da wanda zai sunkuyar da kai, da tsawon lokacin da za a bar mai kallo yana dubansu. Littafin ƙarami ne, mutum zai iya gama shi tsakanin azahar da la'asar, amma fim ɗin ya haura awa biyu, kuma wannan ƙarin lokaci yana tafiya ne a kan abubuwan da marubuci ya ambata kawai ya wuce, irin su zaman fada, da tafiyar ayari, da sutura, da yadda ake gaisuwa da yadda ake zama gaban malami.

Masu nazari sun daɗe suna jayayya a kan ko littafin ya la'anci bauta ko kuwa ya nuna ta ne kawai a matsayin wani yanki na rayuwar zamanin, tun da shi Umar ta hanyar bautar ce ya samu ubangida na kirki da ilimi da ɗaukaka. Ni a ganina wanda ya tsaya a kan Umar kaɗai bai karanta rabin littafin ba. Mahaifiyar ita ce ma'aunin labarin. 'Ya ce, ba baiwa ba, matar aure ce mai iyaye da dangi, ba ta yi laifin komai ba illa neman ɗanta, amma da zarar ta rabu da garinsu babu wanda ya iya tsare mata 'yancinta. Ya kamata a tuna cewa lokacin da Malam Abubakar yake rubutu ba a ma gama soke bauta a dokar Arewa ba. Turawa sun hana cinikin bayi, sun kuma ce duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilun 1901 ɗa ne, ba bawa ba, amma sai a 1936 aka soke ta gaba ɗaya. Ke nan masu karatunsa na farko suna zaune ne gida ɗaya da mutanen da abin ya faɗa wa.

Ni kaina na riski ƙarshen wannan. A unguwar da na tashi akwai wata tsohuwa da muke kira Baba, mai zane a fuska wanda bai yi kama da na kowa a garin ba, tana sayar da daddawa a cikin wani ƙaramin kwando da take rufewa da faifai. Ba ta da wanda take zuwa wa gaisuwar sallah, babu kuma wanda yake zuwa mata daga wani gari. Ranar da malaminmu ya karanta mana wurin da uwar Umar ta sadu da ɗanta, na koma gida na tambayi kakata inda dangin Baba suke, sai ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce an zo da ita ne tana yarinya, kada in sake yin wannan tambaya a gaban mutane. Abin da fim yake ƙara wa irin wannan labari shi ne fuska. Mai karatu yana iya tsallake layi, amma da wuya mai kallo ya kawar da kai daga fuskar macen da ake cinikinta da harshen da yake ji. Saboda haka ba na ɗaukar maganar cewa ɗaya ya fi ɗaya. Littafin ya fi ƙarfi wajen muryar Shaihun da haƙurinsa, fim kuma ya fi iya ɗora wa mutum nauyin abin da aka yi wa uwarsa.

Tambaya: Ni dattijo ne, na yi fatauci tsakanin Damagaram da Kano a shekarun 1970, kuma a lokacin ƙuruciya ba na wuce sinima idan na kwana a Kano. Na ga fina-finan Indiya ba adadi, amma ban taɓa cin karo da wannan ba. Me ya sa fim na Hausa bai iso wurin Hausawa ba? Daga wani mai karatu a Damagaram, Jamhuriyar Nijar.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Abin da ka faɗa shi ne abin da mafi yawan tsararrakinka za su faɗa, kuma dalilansa sun fi ɗaya. Na farko, an yi fim ɗin ne da kuɗin gwamnati domin wani biki na musamman, ba domin kasuwa ba. Ɗan kasuwar da ya zuba jarinsa dole ya bi gidajen sinima ɗaya bayan ɗaya har kuɗinsa su dawo, amma ma'aikatar gwamnati da zarar biki ya watse an yi tafi, aikinta ya ƙare, sai a mayar da gwangwanayen da zaren fim yake ciki ɗakin ajiya. Na biyu, gidajen sinima na Kano irin su Plaza da Orion da Eldorado, da takwarorinsu na Kaduna da Jos, sun dogara ne da kamfanonin rarraba fina-finai waɗanda yawancinsu 'yan kasuwar Labanan ne suka kafa su, kuma hajarsu ita ce fina-finan Indiya da na Amurka da na 'yan kokawar Sin, waɗanda suke samu da araha bayan sun gama cin kasuwarsu a wasu ƙasashe. Kowane kwafi na fim mai milimita 35 kuɗi ne mai yawa, a wancan zamani kuma yawancin aikin wanke fim mai launi a ƙasashen waje ake yin sa, don haka kwafi kaɗan ake bugawa.

Akwai kuma dalili na uku wanda ya shafe mu mu kanmu. A ƙasar Hausa ta wancan lokaci sinima ba wurin da magidanci zai kai iyalinsa ba ne, ana kallonta a matsayin matattarar samari da 'yan iska, matan aure kuwa ba sa zuwa ko kusa. To ga fim a kan malami da almajirai da uwa mai neman ɗanta, wanda mutanen da zai fi taɓa wa zuciya su ne dattawa da malamai da mata, su ne kuma ba sa shiga inda ake nuna shi. Wannan giɓi bai toshe ba sai da kaset ɗin bidiyo ya shigo ya kai fim har tsakar gida, abin da ya faro a Kano da fim ɗin Turmin Danya a 1990. Kafin lokacin darajar naira ta riga ta karye tun daga 1986, aikin fim na zare ya gagari kowa, shi kuma Shaihu Umar ya riga ya shige duhu.

Ina ganin ya dace in ƙara da cewa kai mutumin Damagaram kana da haƙƙi a kan wannan labari kamar mutumin Bauchi, domin hanyar ayarin da ta tashi daga Kano zuwa Tarabulus ta ƙofarku take bi, ta wuce Agadas da Gat da Gadamas, kuma a kanta ne aka yi ta wucewa da fatu da gashin jimina da hauren giwa da mutane.

Tambaya: Na karanta cewa fim ɗin ya ɓace sannan aka gano shi. Yaya fim sukutum zai ɓace, kuma yaya ake gyara shi? Daga wani matashi a Jos.

Amsa: Ɗan'uwa, fim na wancan zamani abu ne da ake ɗauka a hannu, ba kamar na yau da yake zaune a cikin waya ba. Dogon zare ne mai ɗauke da hotuna a jere, ana haska guda 24 a kowace daƙiƙa, kuma fim mai tsawon minti 142 yana da hotuna fiye da dubu 200 a kan zaren da tsawonsa ya kusa kilomita huɗu, an naɗe shi kashi-kashi a cikin gwangwanaye masu faɗi kamar faranti. Wannan zare yana son sanyi da bushewar iska. Idan aka bar shi a ɗaki mai zafi da laima sai ya fara ruɓewa, ya riƙa fitar da wani wari mai tsami da yake bugun hanci da zarar an ɗaga murfi, ya ƙanƙance, ya lanƙwashe, launinsa ya koɗe ya koma ja-ja, a ƙarshe ya manne ya zama dunƙule. Sau da yawa kuma ba lalacewa ce take ɓatar da fim ba, rashin rajista ne: takardar da ke jikin gwangwani ta goge, ma'aikacin da ya san abin da ke ciki ya yi ritaya, shi ke nan abu yana nan amma babu wanda ya san yana nan.

Haka Shaihu Umar ya yi shekaru ana ɗaukarsa ɓatacce, har zuwa 2016 da aka gano asalin zarensa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, hukumar da aka kafa a 1979 wadda hedkwatarta take nan garinku. Didi Cheeka, wani mai shirya fim kuma mai sharhi daga ƙungiyar masu sha'awar fim ta Legas, yana cikin waɗanda suka tsaya tsayin daka a kan binciken tsofaffin gwangwanayen. Cibiyar Arsenal ta birnin Berlin ce ta yi aikin gyaran tare da hukumar, da tallafin gwamnatin Jamus. Yadda ake yi shi ne a tsabtace zaren, a liƙe inda ya yage, a kwafe kowane hoton da ke kansa ɗaya bayan ɗaya da na'ura a shigar cikin kwamfuta, sannan a bi a share tabo da karce, a daidaita launi, a tace sauti. A watan Fabrairun 2018 aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin, fiye da shekara arba'in bayan an yi shi, kuma shekara goma sha bakwai bayan rasuwar Adamu Halilu a 2001.

Na yi murna da wannan ƙwarai, ina kuma gode wa duk wanda ya sa hannu. Amma ba zan ɓoye ba, abin yana yi mini ciwo cewa masu kallo a Jamus, waɗanda sai sun karanta fassara a ƙasan allo, sun zauna sun kalle shi cikin girmamawa, alhali ɗaliban da suke rubuta jarrabawa a kan littafin a Bauchi da Katsina da Sakkwato yawancinsu ba su ma san akwai shi ba. Yanzu da yake cikin kwamfuta babu sauran uzurin tsadar kwafi. Abin da ya rage shi ne sassan Hausa na jami'o'inmu da kwalejojin ilimi da gidajen talabijin na jihohi su nemi izini daga hukumar su nuna shi, kuma ina roƙon malamin Azare da ya buɗe mana wannan fili ya fara da rubuta wa ma'aikatar ilimi ta jiharsa.

Tambaya: Me zai hana 'yan Kannywood su sake yin wannan fim da kayan aiki na zamani? Daga wata mai karatu a Kano.

Amsa: Hajiya, babu abin da ya hana a ƙa'ida, matuƙar an nemi izinin masu haƙƙin littafin, kuma ɗauko fim daga littafi ba sabon abu ba ne a Kano. Ado Ahmad Gidan Dabino ya mayar da littafinsa In Da So Da Ƙauna fim tun a 1994, an kuma yi haka da Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu da Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa. Sai dai waɗannan labarai ne na cikin gida da na zamanin da ake ciki, ana iya ɗaukarsu a falo da tsakar gida da kayan da 'yan wasa suka zo da su. Shaihu Umar yana bukatar dawaki da raƙuma da ayari, da gari mai ganuwa wanda babu turken lantarki ko rufin kwano a cikinsa, da tufafin saƙi da rini irin na ƙarshen ƙarni na 19, da 'yan wasan da za su iya Hausar fada da ta zaure ba tare da kalmar zamani ta suɓuce musu ba. A 1976 ana iya samun da yawa daga cikin waɗannan a tsaye, akwai kuma tsofaffin da suka ga zamanin da idonsu da za a tambaya, yau kuwa sai an gina komai an kuma biya.

Abin da ya fi kuɗi wuya shi ne jarumtar barin labarin yadda yake. Babu soyayyar saurayi da budurwa a cikinsa, babu inda za a saka rawa da waƙa, masu kamun bayin da masu sayar da su kuma ba baƙi ba ne kaɗai, har da namu, masu salla da azumi, ƙarshensa kuwa uwa ce take mutuwa jim kaɗan bayan ta ga ɗanta. Duk furodusan da zai taɓa shi zai gamu da masu ba shi shawarar ya sassauta nan ya ƙara can domin kasuwa. Idan akwai mai niyya a cikinsu, shawarata ita ce ya fara zuwa Jos ya nemi a nuna masa aikin Adamu Halilu, ya kalle shi daga farko har ƙarshe tare da marubucinsa da mai ɗaukar hotonsa, kafin ya rubuta ko da layi ɗaya.